Kazar da Na Hana Takawa

'Ya'yana, kun taso kuna jin tsofaffin Zongo suna kirana Telan Kaza, kuma na lura duk wanda ya ba ku labarin sai ya ƙara masa gishiri. Wani ya ce sau bakwai na karya ƙafar kaza. Wani ya ce mahaifiyarku ce ta sa ni, wai ta mallake ni tun kafin a ɗaura aure. Ba haka aka yi ba. Yanzu da idona ya daina ganin kafar allura, na sami lokacin zama in rubuta muku yadda abin ya faru, don kada in tafi in bar ku da na bakin mutane.

A shekarar ina da ɗan shago a zauren gidanmu, keken ɗinki ɗaya da benci ɗaya. Aiki ya yi mini yawa, domin kusan kowane mako sai an kawo yadin jam'iyya a ɗinka wa masu rawa da waƙa da ake jerawa bakin titi idan babban baƙo zai wuce. Jam'iyya ɗaya ce, yadin iri ɗaya ne, ɗinkin ma iri ɗaya, ko ido a rufe zan yi shi. Shi ya sa ƙafata na kan keke, zuciyata na wani wuri. A ƙarƙashin tarin ƙyallaye nake ɓoye 'yan littattafan soyayya da nake saye wajen masu shimfiɗawa a ƙasa a Kodjoviakopé, daf da iyakar Gana. A cikinsu kullum sai saurayi ya haye kogi a cike, ko ya shiga gida yana cin wuta, kafin a ba shi yarinyar. Ni ma na ɗauka ranar da za a gwada soyayyata, da tekun Lome za a gwada ta. Ban san da kaza za a gwada ni ba.

Mahaifiyarku Safura ta yi makarantar Faransanci, tana aiki a wani ƙaramin asibiti, tana taya likita wanke ciwo da yin allura. Na taɓa rubuta mata shafi huɗu, na ce idanunta kamar fitilun jiragen ruwa ne da ke jiran a ba su wuri a tasha. Amsar da ta aiko layi ɗaya ce: ta gode, kuma na gama ɗinka mata farar rigar aikinta? Haka take har ta koma ga Allah, kuma haka nake sonta. An riga an kai gaisuwa, iyaye sun yarda, saura kai lefe a sa rana. Sai kakarku ta karye.

Mma Adiza, mahaifiyata, koko take sayarwa a ƙofar gida tun kafin a haife ni. Ba daga tsani ta faɗo ba, ba mota ce ta buge ta ba. 'Yar kwatar nan ta bakin ƙofa da take tsallakewa sau goma a yini, ita ta zo tsallakewa da ƙwarya a hannu, ƙwaryar ma ba komai a ciki. Ina kan keke na ji ƙas, kamar an karya kara. Na fito na tarar da ita zaune a ƙasa, ƙwaurinta na hagu ya kauce sama da idon sawu, ita kuwa sai duba ƙwaryar take yi ko ta fashe. Na ce a nemo taksi mu tafi asibiti.

"Asibiti? In je da ƙafa biyu in dawo da ɗaya? Maza ka kira mini Alasan."

Baba Alasan shi ne mai ɗorin Zongo. Ya tsufa, yanar ido ta rufe masa gani, amma yatsunsa suna gani fiye da idon mutum. Ga yadda yake aikinsa, yadda ya gada. Idan aka kawo mai karaya, sai a kawo kaza. Zai karya ƙafar kazar daidai inda ta mutum ta karye, ya ɗora ta mutum, ya ɗora ta kaza, da magani ɗaya da tsinken gora iri ɗaya. Daga nan ba ya sake taɓa kazar, ba kuma wanda zai kwance ta. Ranar da ta ajiye ƙafa a ƙasa ta taka, ranar mai karaya zai tashi. Ya zo ya shafa ƙafar Mma, ya sake shafawa har gwiwa.

"A samo mini tsohuwar kaza," in ji shi, "wadda ta daina ƙwai."

"Tsohuwa?" Mma ta manta da ciwo. "Alasan, ni da kai wa ya girmi wani? Ka je ka nemi tsohuwa ka ɗora wa idonka. Isiyaku, kamo mini farar budurwar nan da ke bayan madafi."

"Adiza, ba haka ake yi ba."

"A gidana haka za a yi."

Baba ya girgiza kai, ya karɓi budurwar kaza. Ya daka wani tsiro mai gaɓa-gaɓa, mai kusurwa huɗu, da yake kira ɗoɗoriya, ya haɗa da man kaɗe, ya shafa, ya jera tsinke ya ɗaure. Mma ta yi salati sau uku, ba ta yi kuka ba. Da ta dawo hayyacinta ta nuna kazar da ɗan yatsa, ta yi rantsuwa a gaban kowa.

"Ranar da wannan ta taka, na taka. Kuma ba mai kai lefen ɗana sai ni, da ƙafata."

Allah ya gafarta mini, daɗi na ji. Kowa ya san budurwar kaza ba ta wuce mako uku ta warke. Na koma shago ina ɗinki ina waƙa.

Kwana biyu bayan haka Safura ta zo dubiya, ta taho da likitan da take wa aiki. Ɗan ƙabilar Mina ne, gajere, mai sanƙo, Hausarsa ta kasuwa ce. Ya san hanyar shiga zuciyar Mma, domin kafin ya dubi ƙafa sai da ya roƙi a dama masa koko. Ya yaba ɗorin, ya ce ko shi iyakar abin da zai yi ke nan. Ya shinshina maganin, ya tambayi sunan tsiron ya rubuta a takarda. Sannan ya tambayi Mma yaushe bayanta ya fara ranƙwafawa, yaushe ta daina al'ada, da tsawon abin da ta tsallake har ta karye. Da muka fito zaure, ya tsuguna ya ƙwanƙwasa ƙafar bencina da gara ta ci. Daga waje lafiya ƙalau take, da ya danna da farce sai ta burma.

"Ƙashin mamanka haka yake, mon ami, abokina," in ji shi. "Waje kyau, ciki rami-rami. Mata da yawa, idan shekaru sun zo, ƙashi yana zuba kaɗan-kaɗan, ba ciwo, ba hayaniya, sai ranar da ya karye. Wannan ƙafa tana son wata uku. Idan ta taka a mako uku, zai sake karyewa, kuma ban yi maka alkawarin zai sake kamawa ba."

Na tambaye shi ko akwai allurar da ke cike ramukan. Ya ce shi bai da ita. Amma ya ce akwai abin da ƙashi ke ginuwa da shi a cikin ganyayen da muke takawa muna wucewa: zogale, kuka, lalo da Minawa ke kira ademe, da riɗi, da ƙananan kifin da ake ci har ƙaya. Ya ce masana suna zaton a cikin wasu tsirrai, har da irin wanda Baba ya daka, akwai wani abu da zai iya rage zubar ƙashin, suna ta tacewa suna dubawa, amma ba a gama sani ba, kuma shi ba zai sayar mini da zato a matsayin magani ba. Abin da ya tabbata shi ne ta ci ganye, ta sha hantsi, kada ta taka.

Muka koma muka gaya wa Mma. Ta saurara har ƙarshe, ta ce a gaida mutanen gidansa, ta ce ita likitanta ga ta can bayan madafi tana tsattsagar dawa. Na raka Safura bakin titi, na fara yi mata irin maganar littafi, wai kowace rana da ta raba mu shekara ce a wurina. Ta katse ni.

"Isiyaku, ni na fi son suruka mai ƙafa biyu, ko da sai baɗi za a kai lefen."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ku riƙe wannan da kyau. Duk abin da ya biyo baya daga kaina ya fito, ba ta san da shi ba.

A rana ta goma sha tara na ga kazar ta fara gwada ajiye ƙafa. Na tsaya ina kallonta, ina ganin aurena yana matsowa da kowane yatsa da ta miƙe. Sannan na tuna bencin nan. Washegari, bayan na dawo daga sallar asuba, na ɗauke ta na shiga shago. Ban karya komai ba, Allah shaida. Tsinke ɗaya na ƙara, wanda ya ɗan zarce tafin ƙafar, na naɗe shi da auduga don kada ya ji mata, na ɗinke a cikin tsumman ɗorin da zare mai launi ɗaya. Idan ta so takawa, tsinken ne ke fara taɓa ƙasa, sai ta ɗage ƙafar ta koma tsalle. Duk bayan kwana uku sai in kwance, in murza mata ƙafar, in bar ta ta yi yawo a shagon ƙofa a rufe, in mayar. Kunyarta nake ji, don haka nake saya mata tsaki na musamman. Na sa mata suna Madam. Kafin wata guda ta yi ƙiba har wuyanta ya ɓace.

Ta ɓangaren ganye kuwa, yaƙi aka yi. Gwaggo Laraba, ƙanwar Mma da ta karɓi tukunyar koko, ita ta karɓi girki. Yau miyar kuka da ƙananan kifi, gobe kwaɗon zogale da riɗi, jibi lalo, gata a dawo kan kuka. Mma ta ce mun mai da ita akuya, saura mu ɗaura mata igiya. Tana ture kwano, muna turo mata. Abin da ya cece mu shi ne da hantsi mukan fito da ita tsakar gida a kan tabarma, Madam na gefenta. Wata rana don haushi ta watsa wa kazar zogalen, kazar ta cinye tas. Mma ta shiga lissafi. Idan ganyen zai sa kaza ta yi saurin takawa, ai ita ce da riba. Daga ranar tare suke ci, loma ɗaya ita, loma ɗaya Madam, tana ci tana yi mata faɗa.

"Ke malalaciya! Ji wuya kamar matar kwastan. Sa'anninki suna can suna ƙyanƙyasa, ke kina nan kina ɗingishi. Ci, don ubanki, ci mu tashi!"

Ina shago ina jin su, ina dariya ina cizon zare. Na ɗauki kaina jarumi, irin wanda ke ɓoye sadaukarwarsa har shafin ƙarshe.

Abin da ban yi tunani ba shi ne Baba Alasan. Kowace Juma'a yakan zo, ya shafa ƙafar Mma, ya tambaya ko kaza ta taka, a ce masa a'a, ya tafi da kai a sunkuye. Zongo kuwa ba ta ɓoye magana. Aka fara cewa hannun Baba ya mutu. Wani lebura ya goce kafaɗa a tashar jiragen ruwa, maimakon a kawo shi wurin Baba, aka kai shi wurin wani mai ɗori a unguwar Adakpamé. A bencina aka zauna aka ba da wannan labari, ina jin su, na ci gaba da taka keke. Idan kuna neman laifina na gaske a wannan al'amari, ga shi nan. Kaza ta ci tsaki ta yi ƙiba, amma tsohon nan mutuncinsa na ci.

A mako na takwas, ranar Talata, ba ranar zuwansa ba, sai ga Baba da ƙarti biyu a bayansa da sabbin tsinke a hannu. Ya zauna a gaban Mma.

"Adiza, tun da nake ban taɓa ganin kaza ta kai wata biyu ba. Ɗorin bai zauna daidai ba, laifina ne. Sai an sake karyawa an ɗora sabo. Taki da tata."

Gwaggo Laraba ta dafe ƙirji. Mma ta dubi ƙafarta, ta dubi ƙartin, ta jawo gefen zanenta ta naɗe ta kai baki.

"Karya, Alasan. Na gaji da zama."

Ɗaya ya riƙe mata kafaɗu, ɗaya ya danne cinya. Baba ya fara kwance tsumma yana bisimilla. A littattafan da na karanta, a irin wannan wuri saurayi yakan yi tsalle ya yi jawabi mai sa mutane kuka. Ni abin da ya fito daga bakina, da siririyar murya, shi ne:

"Baba, tsaya. Kazar lafiyarta ƙalau."

Na ruga shago na ɗauko almakashi, na kama Madam, na warware ɗinkin a gaban kowa. Ta tsaya da ƙafa biyu, ta girgiza jiki, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Sai ta hango kyankyaso bakin rariya, ta kwasa a guje, ta cafke shi, ta yi fiffike ta haye katanga, duk da wannan ƙiba. Gwaggo Laraba ce ta fara, dariyar ta ƙwace mata ta hanci, ƙartin nan suka saki Mma suka bi sahu. Mma ba ta yi dariya ba. Na durƙusa na faɗi komai, tun daga bencin da gara ta ci.

Baba ya miƙo hannu na ba shi tsumman. Ya bi ɗinkin da yatsa tun daga farko har ƙarshe.

"Hannunka na da kyau, ɗan banza," in ji shi.

Sannan ya koma kan ƙafar Mma. Ya daɗe yana latsawa a hankali, yana karkata kai kamar mai sauraron wani abu daga nesa.

"Ya kama, amma ɗanye ne. Da kin taka a mako uku, da yanzu da gindi kike ja. Ai na ce miki tsohuwa, Adiza. Ƙashin tsufa da ƙashin ƙuruciya ba tafiyarsu ɗaya ba, kakannina ba wawaye ba ne. Ƙara mako biyar, kuma wannan karon bakina za ki bi, tun da kazarki ta haye katanga." Ya juyo wajen da yake jin numfashina. "Kai kuma, da ka zo ka gaya mini, da ni zan zaunar da ita. Ranar Juma'a, idan an sallame, za ka tsaya a ƙofar masallaci da kazar nan a hammata, ka gaya wa duk wanda ya fito cewa hannun Alasan bai mutu ba."

Na tsaya. Zongo kaf ta wuce ta gabana, Hausawa, Kotokoli, Zabarmawa, Yarbawa, kowa sai ya sa na maimaita, wasu har sau biyu don su ƙara dariya. Madam ta ɓata mini farar riga. Safura ta ji labari a wurin aiki, ta zo da yamma ta tsaya a ƙofar shago, ta buɗe baki za ta yi mini faɗa, dariya ta ci ƙarfinta har ta zauna a kan bencin, bencin ya karye da ita. Da ta tashi ta share hawaye ta ce, cikin duk wasiƙun da na rubuta mata, ba wadda ta kai wannan shirme shiga ranta. Na yi mako guda ina tafiya kamar ba a ƙasa ba.

A cikin gida kuwa babu daɗi. Mma ta daina yi mini magana. Idan na gaishe ta sai ta juya wajen Gwaggo ta ce, "Gaya wa wancan telan na amsa." Ba zaman ne ya ƙona mata rai ba. Ta ce wata biyu tana zagin kaza, baiwar Allah da ba ta yi mata komai ba, ɗan da ta haifa yana zaure yana jin ta. Amma ganyenta ba ta fasa ci ba, ita kaɗai yanzu, ba mai lallashi. Likitan ya zo ya gaida Baba, suka daɗe suna musu a kan ɗoɗoriya, ɗaya da Hausar kasuwa ɗaya da ta gado, daga baya ya karɓi gaɓa biyu ya dasa a gwangwani bayan asibitinsa. Na tambaye shi, bayan shekaru, ko ganyen ne ya yi aiki ko zaman. Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ma yana so ya sani. Ni ma ban sani ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Abin da na gani dai, kakarku ba ta sake karyewa ba har ta rasu, ko da yake bayan ya ci gaba da sunkuyawa. Ku mata a cikinku, jininta ne a jikinku, kada ku jira sai kun ji ƙas kafin ku je a duba ku, kuma ku daina yamutsa fuska idan an yi miyar kuka.

Mako biyar suka cika ranar wata Talata. Baba ya zo ya kwance ɗorin ya tafi, ni ban shiga ba, don ba a kira ni ba. Ina shago na sa keke a gaba, ban iya ɗinka komai ba. Can na ji ƙwas, shiru, ƙwas, shiru, ƙarar sanda a kan siminti, tana tahowa daga tsakar gida. Na ƙirga goma sha huɗu. Labule ya ɗaga, ga Mma a tsaye, gumi na zuba a goshinta, sanda a dama, sabon leshi shuɗi a hammatar hagu. Ta jefa shi a kan keken.

"Isiyaku."

Wata ɗaya da kwana biyar ban ji sunana a bakinta ba.

"Na'am, Mma."

"Tashi ka auna ni. Bubu nake so, ranar Asabar za mu gidan su yarinyar nan."

Na ɗauki tef. Awon Mma a kaina yake tun ina koyon ɗinki, ban taɓa buƙatar rubutawa ba. Na ɗora tef a kafaɗarta na sake shi zuwa idon sawu, na duba, na sake dubawa. Yatsu uku sun tafi daga tsawonta.

"Nawa?" in ji ta.

"Kamar kullum, Mma."

Ta ɗago sandar ta ɗan ƙwanƙwasa mini ƙwauri.

"Maƙaryaci. Rage yatsu uku. Ba na so ya ja ƙasa a gaban surukai."